Fallayen Makullin Mota da Akwatin Sauya Makulli: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Shago

Tambayoyin nan na tattaro su ne daga bakin mutane iri biyu. Akwai yaran da ke koyon aikin makullin mota, da abokan sana'a da ke son sayen akwatin fallaye amma ba su san ta inda za su fara ba. Akwai kuma masu mota da ke zuwa ransu a ɓace, makulli ya ƙi juyawa ko ya ɓata. Domin mu fahimci juna: idan na ce makulli, ina nufin wanda ke aljihunka. Idan na ce gidan makulli, ina nufin inda ake zura shi, a ƙofa ne, a but ne, ko a suwicin tada mota. Zuciya kuwa ita ce ɓangaren cikin gidan da ke juyawa tare da makulli.

Mene ne fallaye, kuma me suke yi a cikin gidan makulli?

'Yan ƙananan faranta ne na tagulla, siraran gaske, kowanne bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Turawa na ce musu wefa. A tsakiyar kowane falle akwai taga da makulli ke ratsawa, a gefensa kuma akwai ɗan kunne da ke zaune a kan siririn sifirin. An jera su a cikin zuciya ɗaya bayan ɗaya, kowanne a raminsa.

Idan babu makulli a ciki, sifirin yakan tura kowane falle ya leƙo waje, ya shige wani kwari da aka yanka a jikin gidan. Da haka zuciya ke cijewa ta ƙi juyawa. Da ka zura makullin da ya dace, kowane haƙori zai ja fallensa ya dawo daidai da fatar zuciya, babu wanda ya leƙo ta sama, babu wanda ya leƙo ta ƙasa, sai ta juya sumul. Falle ɗaya tak ya rage a waje, ba inda za ta je.

Sirrin yana wajen tagar nan. Fallayen duk tsawonsu ɗaya ne, amma tagar wani tana sama kaɗan, ta wani tana ƙasa kaɗan. Shi ya sa ake ba su lamba, 1, 2, 3, 4, kowace lamba daidai da zurfin yanka a jikin makulli. Makullin Volkswagen na HU66, misali, yana da gurbin yanka 8 da zurfi iri 4. A lissafin takarda wannan jeri 65,536 ke nan, ko da yake kamfani ba ya amfani da su duka, domin akwai jerin da makulli ba zai yanku da kyau a kansa ba.

Su ne irin fil ɗin da ke cikin makullin ɗaki?

A'a. Makullin ɗaki irin na Yale da fil-fil zagayayyu yake aiki, biyu-biyu a kowane rami, tsarin da Linus Yale ƙarami ya kammala a Amurka a shekarun 1860. Tsarin falle shi ma tsoho ne, tun 1868 wani Philo Felter ya yi masa rajista a can. Masu ƙera mota sun fi karkata ga falle saboda ya fi arhar ƙerawa, ba ya cin wuri, kuma yana ba da damar a yi makulli mai fuska biyu wanda ko ta yaya ka zura shi zai shiga. Tsofaffin Ford da Chrysler sun yi amfani da fil na tsawon shekaru kafin su ma su koma falle.

Akwai wasu dangi biyu da ya kamata mai koyo ya san da zamansu. General Motors tun 1935 ta fara amfani da gida mai sandar gefe: fallayen ba su ne ke riƙe zuciya kai tsaye ba, wata 'yar sanda ce ke faɗawa cikin tsagar jikinsu idan sun jeru. Sai kuma Tibbe na tsofaffin Ford ɗin Turai, irin su Mondeo da Transit, wanda makullinsa kamar ƙusa yake, cikinsa kuma faifai ne guda 6 masu juyawa. Kowannensu kayansa daban.

Me ake nufi da sauya makulli? Ba gara a sayi sabon gida ba?

Sauya makulli shi ne a buɗe gidan, a fitar da fallayen, a jera wasu da za su bi wani makulli daban. Gidan yana nan, zuciya tana nan, jerin lambobin ne kawai ya canja. Tsohon makulli zai shiga amma ba zai juya ba.

Sau uku ake fi bukatar wannan. Na farko, makulli ya ɓata ko an sace shi, ko an rabu da direba bai dawo da na hannunsa ba. Na biyu, fallayen sun cinye, makulli sai an yi ta jijjiga shi. Na uku shi ne wanda na fi gani: an sayo gidan makulli na gwanjo a Kofar Ruwa ko Panteka an ɗaura a ƙofa, sai mai mota ya wayi gari da makullai uku a hannu, ɗaya na ƙofa, ɗaya na suwici, ɗaya na but. Motocin Beljiyam da na gwanjon Amurka ma da yawa haka suke isowa, an canja musu ƙofa bayan hatsari ba a daidaita gidan ba. Duk wannan aikin awa ɗaya ko biyu ne a mayar da su makulli guda.

Sayen cikakken saiti sabo ba laifi ba ne ga mai hali. Amma asalin gidan da ya zo da mota sau da yawa ya fi na kasuwa ingancin ƙarfe, kuma idan ka jera fallaye a kan asalin lambar makullin motar, gobe ko a wani gari za a iya yanka makulli da lambar nan ya yi aiki.

Me ke cikin akwatin fallaye?

Akwati ne mai ɗakuna-ɗakuna, kowane ɗaki da lambar fallen da ke cikinsa. Mai kyau za ka tarar da fallaye na kowane zurfi, da sifirin masu yawa, da 'yar ƙyauren da ke rufe bakin gida don hana ƙura tare da nata sifirin ɗin, da hular bakin gida, wani lokaci da 'yan kilif da fil ɗin da ke riƙe zuciya. A cikin murfin akan manna takardar da ke nuna wace lamba ce a wane ɗaki.

Hular nan kada a raina ta. A gidajen ƙofa da yawa danne ta aka yi a masana'anta, ba a buɗe gidan sai an ɓamɓare ta, kuma wadda aka ɓamɓare ba ta komawa da kyau. Akwatin da babu huluna a ciki rabin akwati ne.

Abin da akwati ba ya zuwa da shi kuma dole ka tanada: hantsaki mai siririn baki, ƙaramin bayis, 'yan ƙananan sukuddireba, giris na makulli, farin ƙyalle da tire mai baki. Sifirin ɗin falle idan ya yi tsalle ya faɗa ƙasan gareji, ka haƙura da shi kawai.

Akwati ɗaya zai yi wa kowace mota? Wanne zan fara saye?

Ba zai yi ba, kuma duk wanda ya ce maka yana da akwatin kowa-da-kowa, ka riƙe kuɗinka. Fallen Toyota ba ya shiga ramin Honda. A kamfani ɗaya ma, fallen ƙofa kan bambanta da na suwici, na shekara kaza ya bambanta da na bayansa.

Ba da sunan mota ake sayen akwati ba, da sunan bakin makulli ake saye. Sunayen da muka fi amfani da su na kamfanin Silca ne na Italiya: TOY43 na Corolla da Camry da Hilux masu yankan gefe, TOY48 na Lexus da wasu Toyota masu yankan kwari, HON66 na Honda, NSN14 na Nissan, HU66 na Volkswagen da Audi, HU101 na Ford, HU100 na Opel da Chevrolet na baya-bayan nan, HU83 da VA2 na Peugeot da Citroën, HU92 na BMW, HU64 na Marsandi. Kamfanonin Ilco da JMA suna da nasu sunayen na waɗannan bakunan, don haka ka ajiye littafin da ke haɗa su.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya zauna bakin titin unguwarsa ya ƙirga motocin da ke wucewa. A yawancin garuruwanmu na Arewa amsar ba ta wuce Toyota da Honda, sai Golf da Sharan na haya, sai Peugeot 406. To TOY43 da HON66 su ne farko, HU66 ya biyo baya. Kada ka zuba jarinka a akwatin BMW alhali a wata shida ba a kawo maka guda ba.

Ta fuskar inganci, Strattec na Milwaukee, wanda ya fita daga cikin Briggs & Stratton a 1995, shi ke yi wa kamfanonin motocin Amurka gidajen makulli tun asali, kuma yana sayar da kayan gyaransu. ASP ma sananne ne a kayan motocin Japan da Turai. Akwai na Sin masu arha, cikinsu akwai mai kyau akwai na banza. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ɗora sabon falle a kan na asali mai lamba ɗaya, in ɗaga su sama ta fuskar haske. Idan tagogin ba su haɗu cif ba, ko gefen yana da ƙaiƙayi kamar an yanka da almakashi, na fasa. Araha ba ta ado, balle a abin da kaurin gashi ke hana shi aiki.

Tsofaffin gidajen makulli kuma kada ka zubar. Ni ina da gwangwani cike da su, kuma sau da yawa fallen da babu a akwati a nan nake samunsa.

Yaya aikin yake tafiya daga farko zuwa ƙarshe?

Da makulli ake farawa, ba da gida ba. Sai an tsai da makullin da ake so gidan ya bi, an san lambobinsa gurbi-gurbi, an rubuta a takarda, sannan a taɓa gida.

Idan na ƙofa ne, a cire shi, a cire kilif da hannun da ke bayansa, a lura da yadda sifirin ɗin mayarwa ya zauna kafin a taɓa shi. Ɗauki hoto da waya, ba abin kunya ba ne. Idan na suwici ne, a yawancin motocin Japan sai an juya makulli zuwa ACC, wato inda rediyo ke kamawa inji bai tashi ba, sannan a danna wani ɗan fil a jikin gidan, sai ya zaro. Inda aikin zai kai ka kusa da sitiyari da jakar iska, cire kan batir tukuna ka ɗan jira.

Wajen zaro zuciya, a bar makulli a ciki, shi ke riƙe fallayen. Sai ka dafe ramukan da yatsu biyu ka zare makullin a hankali. Yaron da ya zare shi da gaggawa zai ga fallaye da sifirin sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba. A fitar da su ɗai-ɗai, a jera kan farin ƙyalle yadda suka fito, tun daga bakin gida zuwa ciki, ana lura da wanda ya shiga ta sama da wanda ya shiga ta ƙasa, domin a gida mai fuska biyu saɓa su ake yi.

A wanke zuciya da gidan tas, tsohon giris da ƙura su fita. A leƙa ramukan, a leƙa kwarin cikin gida. Sannan a fara jeri: sabon sifirin, sai falle mai lambar da takarda ta ce, a danna shi da yatsa a ji yana lotsawa yana dawowa. Ni ba na mayar da tsohon sifirin ko da kuwa a ido lafiyarsa lau. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne ke fara gajiya.

Idan an gama, a zura makulli a shafa zuciyar da yatsa. Yatsa ya fi ido gani a nan. In ka ji wani falle yana kartar ka, lambarsa ba daidai ba ce, ko makullin ne bai yanku daidai ba. Sai a juya makullin a zura ta ɗaya fuskar a sake shafawa. Daga nan a ɗan shafa giris, a mayar cikin gida, a gwada sau da yawa a kan tebur kafin a danne hula. Gwaji na ƙarshe shi ne na tsohon makulli: dole ya ƙi juyawa. A ƙofa kuma kada a rufe ta sai an kulle an buɗe tana buɗe.

Wani ya ce mini a cire fallen da ke cijewa kawai, ko a goge shi da magagari. Me ya sa ba za a yi haka ba?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan, kuma ina roƙon abokan sana'a su saurare ni da kyau.

Gaskiya ne, idan ka cire fallen da ke cijewa makulli zai juya. Idan ka cire biyu zai fi juyawa. Mai mota zai biya ka yana murna, ya ce hannunka da albarka. Abin da bai sani ba shi ne kowane falle da ka zubar ya rage tsaron motarsa kashi huɗu zuwa kashi ɗaya. Gida mai falle 8 da aka bar masa 3, jerin da ya rage 64 ne kacal a lissafi, kuma da yake sauran sun riga sun cinye, kusan kowane makulli mai irin bakin nan da aka ɗan jijjiga zai buɗe shi. Gogewa da magagari ma haka take: ka rage tsawon fallen, to ka rage abin da zai kama jikin gida.

Wata rana wani dattijo ya kawo mini Corolla, ya ce an kwashe masa kaya a mota a bakin asibiti, gilashi lafiya, ƙofa lafiya, ba alamar an taɓa komai. Har ya fara zargin ɗan ƙaninsa da ke tuƙa shi. Na buɗe gidan ƙofar a gabansa. Falle biyu na tarar, sauran ramukan fayau, an cika su da giris. Na ɗauko makullan Toyota uku daga cikin gwangwanina, biyu suka buɗe. Ya daɗe yana kallon zuciyar nan a tafin hannuna, sannan ya ce, "Malam, ashe yaron nan na zalunta." Watanni kafin nan ya kai motar wani wuri an gyara masa makullin da ke cijewa, cikin minti goma.

A suwici abin ya fi muni. Fallaye ne ke riƙe makulli kada ya zare idan an juya shi. Duk wanda ya shiga tsohuwar 504 ta haya ya taɓa ganin direba ya zare makulli mota na tafiya, ko ya tada ta da guntun ƙarfe. A motar da ke da makullin sitiyari wannan ba abin wasa ba ne.

Mai mota ba ya ganin cikin gidan makullinsa, ba zai taɓa gani ba. Ya miƙa maka ne bisa amana. Idan babu fallen da ya dace a hannunka, ka gaya masa gaskiya, ya jira kwana biyu a nemo. In dole ta sa an cire guda domin ya isa gida, to ya sani, kuma ya dawo a mayar.

Me ya sa suwicin Honda ya fi kowanne kawo matsala?

Tun daga CR-V ta 2002 da Accord ta 2003, wadda muke kira EOD, Honda ta koma makullin HON66. A cikinsa yawancin fallayen rabi-rabi ne: maimakon falle guda mai taga, biyu ne a gurbi ɗaya, na dama da na hagu, kowanne da sifirinsa, kowanne yana hawa gefen makulli da wani ɗan ƙaramin ƙafa. Wannan ƙafar ita ke cinyewa. Da ta cinye sai fallen ya zame daga kan hanyarsa, makulli ya ƙi shiga gaba ɗaya, ko ya shiga ya ƙi juyawa. Waɗanda ke kusa da baki su ke fara mutuwa, domin duk tsawon makulli a kansu yake wucewa, shiga da fita.

Idan Honda ta fara yi maka gardama da safe, ka kawo ta tun tana juyawa. Muddin makulli na juyawa, aikin mai sauƙi ne. Ranar da ya cije gaba ɗaya, sai an sauke gidan daga sandar sitiyari, kuma kusoshin da ke riƙe da shi marasa kai ne, an yi su ne don kansu ya karye wajen ɗaurewa. Ga mai gyara kuma: a akwatin HON66 ka kula da dama da hagu, ka canja dukkan fallayen ba wanda ya lalace kaɗai ba, kuma ka yanka sabon makulli. Tsohon makulli mai kaifin gefe zai cinye sababbin cikin ɗan lokaci.

Na yanka makulli daga gidan ƙofa, yana buɗe ƙofa amma ya ƙi juya suwici. Ina kuskuren?

Wataƙila babu kuskure, gidan ƙofar ne bai ɗauke da dukkan gurabun. Kamfanoni da yawa sukan raba su. A Ford ɗin Amurka mai yanka 10, ƙofa na ɗauke da gurbi na 1 zuwa 6, suwici na 5 zuwa 10, biyu kawai suka haɗa. A mai yanka 8 kuma ƙofa 1 zuwa 6, suwici 2 zuwa 8. Kayan karanta gida irin na Lishi abin da ke cikin ƙofar kawai za su gaya maka, ragowar sai ka nemo a manhajar lambobi ko a wani gidan. Wannan ne ma ya sa kafin ka jera fallaye dole ka san gurbin da ramin farko ya yi daidai da shi. Kuskuren gurbi ɗaya, jerin duka ya rushe.

Idan an sauya fallaye, makullin da aka sace ya mutu ke nan?

Rabinsa ya mutu. Tun tsakiyar shekarun 1990 makullan mota suka fara zuwa da ɗan cif a cikin kan roba, wanda ke gaisawa da ƙwaƙwalwar mota kafin inji ya tashi. A Jamus da Ingila doka ta wajabta wannan tsari ga sababbin motoci a 1998. Kafin nan General Motors ta fara da wata dabara a Corvette ta 1986, ɗan ƙwayar lantarki a jikin makulli mai awo iri 15 daban-daban.

Saboda haka makulli biyu ne a jikin guda: na ƙarfe da na lantarki. Fallaye na ƙarfen kawai suka sani. Idan ka sauya su ba ka goge tsohon cif da rimot daga ƙwaƙwalwar mota ba, wanda ya tsinci makullin zai danna rimot ƙofa ta buɗe. Idan kuma ka goge cif ka bar fallaye, ba zai tada motar ba amma zai buɗe ya kwashi abin da ke ciki. Makullin da aka sace, aiki biyun ake yi tare.

Idan lalacewa ce kawai ba sata ba, babu bukatar taɓa kwamfuta: a jera sababbin fallaye a kan tsohuwar lamba, a yanka sabon ƙarfe, a mayar da tsohon cif ɗin. Toyota ta sauƙaƙa gane nata, akan ga ɗigo, ko harafin G, ko H a jikin ƙarfen kusa da kai, kowanne da irin cif ɗinsa.

Masu sayen Hyundai da Kia na Amurka su lura. Da yawa daga cikin na 2011 zuwa 2021 masu makullin juyawa sun fito babu wannan tsaro na cif, abin da ya jawo satarsu ta yi yawa a can. A irin wannan mota gidan makulli shi ne kusan dukkan tsaronta.

Me ya sa kuke cewa a yanka da lamba? Kwafin na hannuna bai isa ba?

Injin kwafi abin da ya gani yake yankawa. Idan makullinka ya shekara goma sha biyar yana gogar fallaye, haƙoransa sun zama tudu-tudu, kwafin zai fito da wannan cinyewar har da ƙari. Kwafin kwafi kuwa ya fi muni. Sababbin fallaye da cinyayyen makulli ba sa shiri: za ka ga suna leƙowa kaɗan-kaɗan, daga nan ne shaiɗan ke raya wa mutum ya ɗauko magagari.

Yanka da lamba yana mayar da makulli yadda ya fito daga masana'anta. Lambar takan zo a ɗan guntun ƙarfe ko roba tare da makullan sabuwar mota, kuma a tsofaffin Toyota da yawa an buga ta a jikin gidan ƙofar fasinja. In babu, gwani zai karanta zurfin daga makullin ko daga lambobin jikin fallayen. Makullin da ake ce wa leza ma ba haske ke yanka shi ba, ɗan haƙorin inji ne ke sassaƙa kwarin.

Wane mai ake sa wa gidan makulli?

Ban da baƙin mai, ban da man birki, ban da man gyaɗa, duk na gani. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da su sai ta zama taɓo, fallaye su manne a ramukansu. In an buɗe gida, ɗan farin giris mara nauyi ya isa, shafawa ba cikawa ba. Daga waje kuma feshin makulli mai bushewa ya fi. Garin giraf, irin baƙin cikin fensir, da wasu ke hurawa kada a haɗa shi da gidan da ke da giris, dunƙulewa yake yi.

Tarin makullai a zobe guda ma yana cin suwici, nauyin yana jan makulli ƙasa a kowane gargada. A 2014 General Motors ta janye motoci kimanin miliyan 2.6 saboda suwicin da nauyin zobe ko girgiza ke iya kashewa ana cikin tafiya. Laifin can na suwicin ne ba na fallaye ba, amma shawarar da suka bayar ta a rage kayan zobe tana da amfani ga kowa.

Yaushe ne fallaye ba za su yi magani ba?

Idan ɓarawo ya murɗe gidan da ƙarfi har kwarin ciki ya faɗaɗa, ko zuciyar ta tsage, ko ramukan sun buɗe falle na rawa a ciki. Zuciya da gida yawanci na tutiya ne, ba sa karɓar gyara. Haka wanda aka ɗura wa sufa gulu don a ciro karyayyen makulli. A nan sai a nemo wani gidan, sabo ko na gwanjo mai lafiya, a jera masa fallaye ya bi makullin motar.

Me ya sa kuke tambayar takardun mota kafin ku taɓa ta?

Domin hannun da ke buɗe wa mai mota shi ne zai buɗe wa ɓarawo in bai yi hattara ba. Wanda ya zo da motarsa da makullinsa a hannu, magana ta ƙare. Wanda ya ce duka makullan sun ɓata, motar tana can wani layi, sai na ga takardun mota da katin shaidarsa, in duba lambar shasi da idona in ga ta yi daidai da takarda, in rubuta a littafi da kwanan wata. Wanda ya kawo hoton makulli a waya ya ce a yanka masa, ko ya kawo gidan ƙofa shi kaɗai a leda, ba na yi sai na ga mota da mai ita.

Wasu sukan ji haushi. "Haba Malam, ni ne fa, ba ka gane ni ba?" Nakan ce, "Alhaji, na gane ka sarai. Gobe in wani ya zo da sunanka, haka zan tsare shi." Yawanci daga nan sai a yi dariya a miƙo takarda. Yaran shago kuma na hana su fita aikin waje su kaɗai sai da sanina.

Motata ta danna-ta-tashi ce. Ina ruwana da fallaye?

Da ruwanka. A cikin rimot ɗinka akwai siririn makulli a ɓoye, kuma a ƙofar direba akwai gidansa, wani lokaci a bayan 'yar hular roba a jikin mariƙin ƙofa. Marsandi ma da ta daina sa fallaye a suwici tun ƙarshen shekarun 1990 ba ta cire su daga ƙofa ba. Gidan nan yakan shekara biyar ba a zura masa komai ba, ƙura da ruwan wankin mota su daskarar da fallayen, sai ranar da batir ya mutu a tsakiyar hanya a tarar ya ƙi motsi. A motocin gwanjo kuma sau da yawa rimot ɗin an sayo shi daban, ƙarfen cikinsa ko ba a yanka ba, ko na wata motar ne.

Yau ɗin nan ka zaro shi ka gwada a ƙofarka. In ya juya, ka riƙa yin haka duk wata biyu ko uku. In ya ƙi, kada ka matsa masa da filaya, kawo shi a duba tun batirinka na da rai.